Hannun da Ke Juya Tayar Mumuni

Shekara shida ke nan da muka kai Mumuni makwancinsa. An ce waiwaye adon tafiya, amma nawa na bana babu ado a cikinsa, kunya ce zalla.

Mumuni abokina ne tun muna tsallake kwata a lungunan Nima. Ya girma ya buɗe shagon kayan mota a Abossey Okai, ni na zama malamin makaranta. Da furfurarmu da komai, kowace Lahadi bayan la'asar mukan shiga wasan jiragen yaƙi na kwamfuta, kowa daga ɗakinsa, muna jin muryar juna ta intanet. Mu biyar ne, kuma ni suka ɗora wa shugabanci.

Ga wanda bai san wasan ba, jirgin sama yana da wani hali. In gudu ya ƙaru sai ya ɗaga hanci, in ya ragu sai ya sunkuya. Akwai 'yar taya da matuƙi ke juyawa da hannun hagu don hancin ya zauna daidai, ana ce mata tirim. In ba ka iya ta ba, kokawa za ka yi ta yi da sandar tuƙi har abokin gaba ya harbo ka. Wasan ya ba da zaɓi: ka juya da hannunka, ko ka kunna oto kwamfuta ta yi maka. Mumuni ya haɗa tasa tayar da mariƙin juya gilashin wata tsohuwar mota, kuma in yana tuƙi jirginsa ko rawa ba ya yi. Shi ya fara cewa duk wanda ya kunna oto fasinjan trotro ne, wato motar haya, ba direba ba. Shi da wasa ya faɗa. Ni kuma, da halina na malami, na mai da ita doka.

Shekara guda kafin rasuwarsa hawan jini ya kayar da shi. Mun je dubiya, mun same shi yana raha, hannun hagu a cikin aljihun riga. Da ya dawo wasa tuƙinsa ya ma fi na da kyau, muka ce ai ya warke sarai. Bayan ya rasu muka mai da abin al'ada: duk shekara a yi masa addu'a a gidansa na Maamobi, matarsa Adiza ta cika mu da waakye, shinkafa da wake irin tamu, sannan mu jera kwamfutoci mu tashi jirage a layi, mu bar gurbinsa fili. Kowace shekara sai na tashi na yi jawabi a kan hannun Mumuni, mutumin da ko ciwo bai sa ya zama fasinja ba.

Bana mu uku muka je. Issaka, ɗaya daga cikinmu wanda ke zaune a unguwar Madina, ya daɗe bai shiga wasa ba. Hannunsa ya fara karkarwa, kuma ranar da ya tambaye ni ko zai iya kunna oto, dariya na yi na ce ya tuna da Mumuni. Adiza ta tambaye ni ina Issaka, na gaya mata dalilin har da ɗan alfahari. Sai ta ajiye ludayi, ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar tayar, ta dire a gabana.

“Malam Sule, hannun nan da kake wa'azi da shi duk shekara, ga shi nan,” ta ce, ta ɗaga hannunta. “Yatsun abokinka sun mutu kuraa, gaba ɗaya, tun ciwon. Ni ke zama gefensa ina juyawa. Ba ya iya magana don kuna ji, sai ya taka mini ƙafa. In ya danna, in ƙara. In ya saki, in rage.”

Na ce me ya hana shi kunna oto. Ta dube ni kamar yaron da ya kasa karatu. “Ya ce, Adiza, Sule zai yi mini dariya.”

Ban iya ƙarasa abincin ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma bakin nan nawa ne. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya tun muna yara ya gwammace ya ɓoye mini hannunsa shekara guda cur da ya ji tsiyata. Matarsa kuma ta yi ta barin tukunya a wuta duk Lahadi don mijinta ya ci gaba da zama direba a idon abokansa, sannan ta yi shekaru tana zuba mana miya muna yabon aikinta da sunan wani.

Da Mumuni zai leƙo yau, oton zamani zai ba shi mamaki, don ya yi kyau har ƙwararru na amfani da shi, su samu sararin duba bayansu. Na san zai taɓe baki ya ce tayar hannu ta fi daɗi, kuma yana da gaskiya: wanda ke juyawa da kansa yana jin numfashin jirgi, yana samun ɗan fifiko a juyi mai tsanani. Amma abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ya ga an tsare ƙofa da sunansa an hana Issaka shiga.

Na daɗe ina zaton abin da ya bar mana shi ne ƙwarewa. Ashe a shekararsa ta ƙarshe, wadda muka fi yabo, mutum biyu ne ke tuƙa jirgin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya sani, ya nemi taimako a wurin wadda ba za ta yi masa dariya ba. Wannan ne gadonsa, kuma ni ban cancanci rabo a ciki ba tukuna.

Lahadin da ta wuce na hau trotro zuwa Madina da kwamfutata a jaka. Na zauna kusa da Issaka, na kunna oto a gabansa kafin in ce komai. Ya daɗe yana kallon allon, hannunsa na rawa a kan gwiwa.

“Shugaba,” ya ce, “Mumuni fa?”

Na ce, “Allah Ya jiƙansa. Matsa mini, yau fasinja biyu ne.”