Gonar da Ɗan Iya Ke Aro

A wani ƙauye yamma da Bici, inda gona ke manne da gona, akwai wani mahauci da ake kira Ɗan Iya. Ya yi dambe da ƙuruciya, bai yi suna ba. Da wuyan hannunsa ya goce sai ya koma kan tukubar tsire a bakin kasuwa, yana ba masu saye labarin mazan da ya kayar, kuma babu mai tuna ko ɗaya a cikinsu.

Da ƙwacen waya ya yi yawa a hanyar Kano, samarin da ke zuwa birni suka roƙe shi ya koya musu kare kai. Abin da ya ɗaga shi ke nan, har aka fara ce masa Maigida. Sai dai ba shi da ko taku na ƙasa. Duk kaka, in an kwashe gero da wake, Malam Hashimu, malamin sakandare, yakan ara masa gonarsa ta bayan gari har saukar damina. In babu wannan gona, babu makarantar Ɗan Iya.

Bai cika koyar da naushi ba. Yakan tsayar da su cikin rana, gwiwa a lanƙwashe, ido a ƙirjin abokin karawa, suna jan numfashi ta hanci.

"Ƙarfi ba a dantse yake ba," in ji shi, "yana ƙasan cibiya. Ku tara hankalinku can. Wanda hankalinsa ya watse shi ke jin ciwo."

Sai ya riƙa zagaya su, ya dunƙule hannu ya kai wa wanda ya ga dama naushi a ciki ba zato. Duk wanda ya ce wash, ya shiga uku. "Ɗan lelen Inna! Tafi gida a dama maka koko."

Usaini, ɗan Malam Hashimu, yana cikin masu koyon, kuma bai taɓa cewa wash ba. Wata yamma naushin ya sauka ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. Ya tsaya ƙyam, gumi na zuba, Ɗan Iya ya ɗaga hannunsa yana nuna wa saura. A gida ya ce wa mahaifiyarsa gajiya ce kawai. Washegari ya faɗi wajen alwala. Likita ya ce saifa ce ta fashe, kuma da an kawo shi tun jiya da an yi masa aiki.

Ɗan Iya ya je gaisuwar rasuwar, ya yi kuka, kukan gaske. Amma a ransa bai ga inda koyarwarsa ta kauce ba. Da kaka ta zagayo ya sa riga mai kyau ya sami Malam Hashimu a zaure.

"Malam, yara na ta tambaya. Maganar gonar nan ce."

"Waɗanne yara?"

"Abokan marigayi. Wallahi babu mai zuciyarsa a cikinsu. Ranar nan ko uffan bai ce ba."

Shi a nufinsa yabo ya yi. Malam Hashimu ya cire tabarau ya dube shi.

"Na sani. Ni ma da na haife shi bai ce mini uffan ba. Kai ka koya masa."

"Kwana ne ya ƙare, Malam."

"Kwana ne. Hannun kuma naka ne. Kada ka ƙara zama mini a kan tabarma. Gona tana nan, je ka duba ta."

Ya je. Ya tarar an kewaye ta da ƙaya, rogo ya kai gwiwa daga wannan iyaka zuwa waccan. Rogo ba ya barin gona da rani, kuma mai shi ya san haka lokacin da ya dasa.

Ɗan Iya ya bi sauran manoma gida gida. Kowa ya amsa sallamarsa, ya ce tumakinsa ne za su ci kara a gonar bana.