Kular Hajiya Mai Ɗigo Uku

Ina shekara ta biyu a karatun digirina na uku a Birmingham, ɗan Hajiyar da nake zuwa cin abinci gidanta ranar Juma'a ya jawo ni cikin harkar fim. Hausawan Gana ne, gidansu a unguwar Small Heath. Shi a nan aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba, shi ya sa ya roƙe ni in rubuta masa maganganun wani gajeren fim. Sai da na amsa sannan ya gaya mini labarin maza biyu ne da ke son juna, kuma mai ɗaukar hoton shi ne mutumin da suke zaune tare a Manchester shekara uku. Hajiya ta san shi a matsayin abokin haya kawai.

Ni tarbiyyar Kano ce, ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Amma tun zuwana ƙasar Yaya yake ce mini. Na ce zan yi, amma kada sunana ya fito.

Sharaɗina wasa ne idan aka kwatanta da nasa. Ya canja sunansa a fim ɗin. Ya hana a ɗauki ko da bangon Birmingham. Ya nemo 'yan wasa biyu da ba su da kowa a garin. Kowace Asabar na bi motar safe zuwa Manchester, zai tambaye ni ko wani ya gan ni a tasha, sai ka ce kayan sata na ɗauko. Tsoronsa ɗaya ne, kada mahaifiyarsa ta ji daga bakin mata.

Fim ne na marasa kuɗi. Kyamara ta aro, fitilar karatu ita ce hasken, makirufo a ɗaure a sandar goge ƙasa, kuma ni da aka kira don rubutu ni na ƙare da riƙe sandar har kafaɗata ta sage. A ɗakinsu muke ɗauka, maƙwabcin sama kuwa bai tashi kunna injin wanki sai an zo wurin kuka. Labarin kansa ba shi da hayaniya. Wani yana kai wa wani abinci bayan ya taso daga aiki, kullum, ba wanda ya taɓa cewa ina son ka. Wannan kam na goyi bayansa, don haka muke yi. Amma ɗaya daga cikin 'yan wasan da hannun hagu yake kai loma, na tsayar da ɗauka ya fi sau goma, har ya fara kallona kamar uwar miji.

Wajen haɗa hotunan ne na ga abin. Kyamara ta matso kan kular abincin, shuɗiya, mai ɗigo uku na jan farce a murfi. Duk macen da ta taɓa zuwa suna ko biki a Small Heath ta san kowace gida da alamarta, don kada kwanuka su ɓace bayan taro. Wata gicciye, wata layi biyu, Hajiya ɗigo uku. Wannan kular ta shiga gidajen da ni ban taɓa shiga ba. Mutumin da ya ɓoye sunansa da garinsa ya ɗauko kular da uwarsa ta zuba masa wake da shinkafa, ya ajiye ta a tsakiyar fim, don kada ya sayi wata.

Na gaya masa a sake ɗauka. Ya ce 'yan wasa sun watse, kyamara ta koma wurin mai ita.

“Yaya, ki kwantar da hankalinki,” in ji shi. “Ƙaramin gay festival ne a Manchester, mutum arba'in ma da ƙyar. Who's gonna look at a cooler?” Wai ƙaramin taron irinsu ne, wa zai tsaya kallon kula.

Na ce masa shi namiji ne, bai taɓa zama bayan suna yana rabon kwanuka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na dawo gida ban yi masa sallama ba.

A wurin nunawa babu abin da ya faru. Turawa suka tafa, wani ya tambaye shi ma'anar shuɗin launi. Amma masu shirya taron sun saka ɗan tallan fim ɗin a intanet, kuma wurin da suka zaɓa shi ne na kular. Sati biyu bayan nan wata 'yar jami'a ta nuna wa uwarta, uwar ta tura wa zauren matan unguwa na waya, da kibiya ja a kan murfin. Ya kira ni ina ɗakin karatu ya sanar da ni. Ina son in ce na gaya maka, amma na kasa.

Ranar Juma'a na yi niyyar ƙin zuwa, Hajiya ta kira ta ce tana jira na. Na same ta a kicin, kular da ya riga ya mayar mata na kan tebur. Muka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen gida, kamar kullum. Sannan ta ce mata sun dame ta da tambaya, ta ce musu kular ta ɓata a wani suna tun shekara biyu da suka wuce, ba ta san hannun wa ta faɗa ba. Matar da ba ta iya cewa ba ta nan idan tana nan, ita ce ta yi wannan ƙaryar a gaban ƙawayenta na shekara talatin. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma ba ta kalle ni ba.

“Ki kai masa,” ta ce. “Tunda na ce ta ɓata, ba ta sake shigowa gidan nan.”

Na ce, “Hajiya, shi fa?”

“Shi ban ce wa kowa ya ɓata ba.”

Washegari ta sa na biya da safe na ɗauka, na sake hawa motar Manchester, kula a cinyata da zafinta, ina jin haushin uwa da ɗa duka biyun, don sun mayar da ni 'yar aike a maganar da ba za su taɓa yi da bakinsu ba. Shi ya buɗe mini ƙofa, abokin zamansa na tsaye a bayansa. Ya ɗaga murfin a tsaye. Wake da shinkafa ne, da yaji a gefe, da kifi biyu da ƙwai biyu. Tunda ya koma Manchester, ɗaya-ɗaya take saka masa. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar da kular a hannu, ni na shiga kicin na ɗauko musu faranti.