Baba da Bangon Gabas

Ina tsaye a tsakar gidan hayarmu na Maiyama, muna ka-ce-na-ce da wani ɗan haya, labarin ya same ni. Direban wata babbar mota da ke kai albasar Aliero kudu ne ya tsaya ya yi sallama a zaure. Da na fito ya kama hannuna bai saki ba, ya ce, "Sai haƙuri, Sani. Alhaji ya cika da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifina, Alhaji Bawa, wanda mutanen Jega suka fi sani da Bawa Mai-soraye, ya koma ga Mahaliccinsa bayan jinyar da ta cinye masa rani guda. Shi ya aike ni Maiyama a ranar, kuma ya tafi ban gama aiken ba.

Ga aiken. A ɗakin gabas na gidan akwai Malam Isa, malamin firamare da aka turo daga Sakkwato, da matarsa da jaririnsu. Baba ya ce lallai in mayar da su ɗakin da ke kusa da zaure kafin ruwa ya sauka. Ɗakin ya fi wancan ƙanƙanta, ga hayaniyar masu shiga da fita. Malam Isa ya ƙi. A zatonsa ni na ƙulla abin don in ba 'yan kasuwa babban ɗakin su yi ajiya. Ya ce mini, "Duk ƙasarga an san Alhaji ba ya tada ɗan haya bakin damina. Kai kaƙ ƙago wagga magana." Na ji zafin zargin, amma ban ga laifinsa ba, domin abin da ya faɗa game da Baba gaskiya ne.

Baba manomin albasa ne tun asali, daga Sabiyal. Da ma'aikatan gwamnati suka fara yawaita a Jega suna neman wurin zama, sai ya sa abin da gona ta ba shi a ginin ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, har ya kai Aliero da Maiyama. Bai yi boko ba, kuma ban taɓa jin ya kira kansa mai dukiya ba. Cewa yake yi shi mai tsaron rufi ne.

Abin da kowa ya san shi da shi kuwa, yawo cikin ruwa. Da zarar hadari ya haɗo mutane suna gudu gida, shi lokacin zai ɗauki malafarsa da sandarsa ya yafa buhu ya fita. Abokan wasansa na kasuwar Jega har kwaɗo suke ce masa. Gida-gida yake bi yana duba inda indararo ya toshe, da inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, da ɗakin da aka tara kwano a ƙasa. Muna yara kunya abin yake ba mu, mu ga dattijo ya dawo sharkaf kamar wanda ya faɗa gulbi. In Inna ta yi masa faɗa sai ya ce, "Kulu, da rani kowane gida lahiya lau shi ke. Wanda bai jiƙe ga gidanai ba bai san shi ba." Yaɓe kuwa ba ya jira sai an ga hadari kafin ya yi shi. Tun ana cikin zafi yake tara ƙasa da makuba, kuma bai taɓa cewa ɗan haya ya kawo ko taro na gyaran rufi ba.

Duk da haka ba ya faɗa wa mutum ɗaki kai tsaye. Ko ruwa na dukansa sai ya tsaya a zaure ya yi sallama har a amsa. Na taɓa ce masa, "Baba, ai gidanka ne." Ya harare ni ya ce, "Ran da mabuɗi yab bar hannunka, kai baƙo na."

Wajen zaɓen ɗan haya ma yana da nasa tsarin. Kafin ya ba mutum ɗaki sai ya tambayi inda ya taso, ya je ya ji ta bakin maƙwabtan da ya baro. Ba ya haɗa mai gadi da ke barcin rana da gidan da ake daka tun safe. A Aliero bai taɓa yarda a zuba albasa jikin ɗakin da mutane ke kwana ba, ko nawa aka taya, domin in ta fara ruɓa ba mai iya numfashi. Sharaɗi kuma a gaban shaidu yake faɗarsa tun ranar shiga, don kada a zo ana "ai ban sani ba". Ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, kuma wanda ya zuba ruwan wanki a gindin bangonsa ya ji muryarsa har bakin titi. Amma faɗan nasa a kan gini yake tsayawa, ba ya taɓa mutuncin mutum.

Ciwo ya kwantar da shi tun farkon rani, daidai lokacin da ya saba gyare-gyarensa. Da ya ga iska ta fara juyawa sai hankalinsa ya tashi. Ya kira ni gefen shimfiɗarsa ya ce, "Bara na buga sanda ga bangon gabas na ɗakin malam, ya amsa min kamar ganga. Gara ta ci azara. Nac ce in rani ya yi in tashe shi in gyara ɗakin, ga ni kwance." Na ce, "Baba, ka bari ka samu sauƙi tukuna." Ya ce, "Ruwa na jiran mai jinya? Daga gabas shi ka tahowa, bangon nan shi ka hwara sha. Akwai jinjiri ciki, Sani. Tahi." Na tafi ba da son raina ba, don na ga yadda numfashinsa yake. Har gobe ina jin ciwon rashin kasancewa kusa da shi a sa'ar ƙarshe, amma shi ya zaɓi inda zan kasance.

Ranar sadakar uku sai ga Malam Isa a Jega. Bayan ya yi gaisuwa ya nemi a kai shi wajen Inna, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, don Allah, da gaske Alhaji yac ce in tashi?" Ta ce, "Ɗana, da sunanka ga bakinai yac cika. Yana ta tambaya ko kun kwashe." Ya yi mata godiya ya koma Maiyama. Washegari da kansa ya kwashe kayansa zuwa ɗakin zaure, na je na sa wa na gabas kwaɗo.

Ruwan farko ya zo ya wuce, bango na tsaye. Na biyu ma haka. Har na fara jin ana raɗe-raɗin cewa tsufa da ciwo ne suka sa Alhaji tsoro. Sai wata la'asar aka yi ruwa mai iska, irin wanda ke tuge dalbejiya. Kashegari Malam Isa ya iso Jega da guntun azara a hannu, ya ajiye a gabana. Na matsa shi da yatsa ya marmashe kamar gari. Ya ce, "Bangon ya hwaɗi, rufin ya bi shi. Daidai inda gadonmu yake, inda yaron ke kwana." Idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce, "Kai ni in ga kabarinai." Na kai shi, ya daɗe a tsugune yana addu'a.

Malafar da sandar suna hannuna yanzu. Jiya da hadari ya haɗo na yafa buhu na fita, na ji wani tsoho a bakin kasuwa yana cewa ga ɗan kwaɗo nan ya gaji ubansa. Ban taɓa jin tsokanar da ta yi mini daɗi kamarta ba.

Ya Allah, bawanka Bawa ya ƙare rayuwarsa yana tsare bayinka daga zubar ruwa da faɗuwar bango. Ka zubo masa ruwan rahamarka, ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka ba shi gida a Aljanna wanda ba ya buƙatar yaɓe. Ka ba Inna da mu 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka sa mu riƙe amanar waɗanda ke kwana ƙarƙashin rufinsa. Ka raya ɗan Malam Isa, ya girma ya ji labarin tsohon da ya tuna da shi a numfashinsa na ƙarshe. Amin.