Cokalin Inna a kaset ɗin Baba

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, kuma ba wanda kiɗa ke ciyar da shi. Ni tela ne mai kaɗa jita, mai gangarmu manomin shinkafa ne a Garu, mawaƙiyarmu tana sayar da atamfa a kasuwa. Mai piyano shi ke da ɗan ɗakin ɗaukar murya a bayan rumbun albasar wansa, har muna tsokanarsa cewa da ana shinshina waƙa, albasa za a ji a tamu. Bukukuwan aure muke bi da kiɗan tsalle-tsalle, wanda ni kaina ba na saurara in na koma gida.

Waƙar soyayyar da aka san mu da ita kuwa daga akwatin Inna ta fito, bayan ta fita takabar mahaifina.

Baba direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Tsakanin Kotonu da gadar Malanbil yake jigila, wani lokaci ya haye Gaya ya yi arewa, mu yi wata biyu ba mu gan shi ba. Bai iya rubutu ba, waya kuma ba ta zo ba tukuna, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset yana aikowa ta hannun direbobi. Ranar da kaset ya iso, bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakata a gaba, a kunna kowa ya ji. Yakan gaida mahaifiyarsa, ya gaida wansa, ya bi mu yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ragon layya. Inna ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Wane shi ya gaida matarsa a gaban uwarsa? In ya gama, sai ya bar kaset yana tafiya, yana rera wani amo ta hanci, irin na makaɗan jitar da, ba kalma ko ɗaya. Nan muke watsewa. Inna kaɗai ke zama tana tsintar shinkafa har kaset ya tsaya da kansa.

Shekarar da kogi ya shigo unguwarmu ruwa ya ci sauran kaset ɗin, guda ɗaya ya tsira. Na roƙe ta aro. Ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta ce, "Ka maido min shi yadda ka ɗauke shi."

Muka samo tsohuwar rediyo, mai piyano ya juye muryar cikin na'urarsa. Amon Baba na nan, amma ga shuu na tsohon kaset, ga gurnanin motoci, ga wata ƙara ƙil-ƙil da ke shigowa jefi-jefi. Ni kuwa mutum ne mai son aiki tsaf, zare ɗaya ya leƙo a riga sai na yanke shi. Na ce ya share duk dattin, ya bar min muryar tsoho ita kaɗai. Ya tambaye ni ko ya ajiye na asalin, don na'urarsa ta cika. Na ce ai ga kaset a hannu, ya goge abinsa. Washegari mai ganga ya zo daga Garu yana son ji, muka kunna, rediyon ta tauna zaren. Daidai ƙarshen ne ya ragargaje, ba abin da za a liƙa.

Na ɓoye zancen, muka shiga aiki. Muka ɗauki waƙar kamar mutanen da: makirfo ɗaya a tsakiya, kowa ya kaɗa lokaci guda, wanda ya yi kuskure mu koma farko. Jita a sanyaye, ganga tana bin ta a baya. Mawaƙiyarmu ta sa kalmomi a kan matafiyin da ke gaida gari duka alhali mutum ɗaya yake nufi. Muryar Baba ta buɗe waƙar, ita ta rufe ta. Na ji daɗin kaina sosai.

Da hantsi na kai wa Inna a wayata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta motsa ba. Sannan ta ce, "Ina cokalin?"

"Wane cokali, Inna?"

"Da za shi tahiyarshi ta hwari, na sa mai cokalina cikin kayan shayi. In ya gama da mutane, sai shi buga shi ga kofi, ukku sannan ɗaya. Ita ce gaisuwata. Kun bar na kowa, kun share nawa."

Shekara talatin ina jin ƙarar nan, ban taɓa tambaya ba. Na fito da kaset ɗin daga aljihu na faɗa mata abin da ya same shi. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta karɓa, ta mayar da shi akwati, ta tambaye ni ko na karya kumallo. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Juma'a biyu bayan haka ina kan keken ɗinki sai ga ta da mayafinta, da ƙulli a hannu. Cokalin ne da kofin Baba. Ta ce in kai ta ɗakin ɗaukar muryar. Matar da ba ta taɓa tsayawa gaban makaɗa ba ta ratsa buhunan albasa ta zauna gaban makirfo. Aka sako muryar Baba. Ta sunkuyar da kai, ta jira, ta buga: uku, sannan ɗaya. Ta san kowane wuri, sau ɗaya aka ɗauka.

Mai piyano ya maido mata ta ji, ya ce, "Ya yi, Inna?"

"Wurin dai shi ne. Amma rage shi, ɗana."

Ya rage.

"Ƙara ragewa. Shi tsoro yakai kar uwarshi ta gane."

Ya yi ta ragewa har ni da ke tsaye kusa na daina ji. Ita ta ɗaga hannu ta ce, "To, nan. Ina jin shi."

Haka muka fitar da waƙar.