Shuɗiyar Battar Yaya Luba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1968, ana cikin cin naman layya, Allah Ya karɓi ran Yaya Luba, matar yayana Isufu, a gidanta da ke bayan tashar manyan motoci a nan Tamanrasset. Ina garin Abalessa wajen ɗaukar kaya aka aiko mini, ko da na iso an riga an kai ta makwancinta.

Yaya Luba, ke kika ce ranar da kika mutu kada in yi miki kuka, wai fuskata ko da dariya ba ta kalluwa, balle da hawaye. To, na yi kukan, kuma kin yi gaskiya. Yanzu na zauna in rubuta saboda akwai maganar da na riƙe a ciki shekara biyar, kullum ina cewa gobe zan faɗa miki in nemi gafara, har gobe ta zo babu ke.

Wanda bai san ki ba, bai ci miya a garin nan ba. Tun da kuka zo daga Damagaram ke da Yaya Isufu, sana'arki ɗaya ce, kauɗar tumatir. Ni nake ɗauko miki ɗanyen daga lambunan Abalessa a motata, ki yanyanka, ki shanya a tabarmi a filin ƙofar gida har ya bushe ƙayau. Kauɗarki ba yashi, ba kashin akuya, har ta kai mai saye ba ya kwance bakin buhu, ya ji an ce na Luba ne ya ɗauka ya tafi. A inuwar katangarki kuma direbobi suke zama, kina ba mu shayi, muna zuƙar taba muna cilla guntayen duk inda hannu ya kai.

Ni kuwa, don tsabar maƙo, ba na sayen sigarin kwali. Garin taba nake saye in naɗe a shuɗiyar takardar da ake kunsa dunƙulen sukari, tana ƙona maƙogwaro amma kyauta ce. Kaf tashar ba mai yin wannan sai ni, shi ya sa kika sa mini suna Illo Matse, sunan da ya bi ni har Agadas.

A 1963 abin ya faru. Kukun leburorin sansanin In Ekker, mutumin da ke ciyar da baki ɗari biyu da kauɗarki, ya diro daga mota da buhu a kafaɗa, hannunsa ɗaya a dunƙule, yana huci. A gaban jama'a ya ce guntun taba ya tsinta a cikin kayanki, saura kaɗan ya juye a tukunya. Ya buɗe hannun daidai fuskarki, ke kaɗai kika ga abin da ke ciki. Kika ɗauka kika ƙulle a bakin zane. Ya ce sai kin nuna masa mai tabar, kika ce, "Iska ta kawo, ni kuma ban tsare tabarmata ba. Laifin nawa ne."

Ina ƙarƙashin motata a lokacin, ina ɗaure ƙusar da ba ta kwance ba. Na tuna sarai ranar da ake ɗurin buhunan nan ni ne zaune a kan katanga, iska na kaɗawa wajen tabarmi, na cilla guntuna ban ko waiga ba. Sai na lallashi kaina cewa mu talatin ne mashaya a wurin, kuma ai tumatir ya rina takardar ta koma ja, wa zai gane? Magana ta zagaya kasuwa, masu saye suka ja baya, wanda ya zo ma sai ya zazzage buhu har gindi yana tonawa a gabanki. Na ga yadda wannan tonon ya fi yi miki ciwo a kan rashin ciniki, amma ban buɗe baki ba, kuma kunyar wannan ba ta taɓa sakina ba.

Yaya Isufu ya so ya kori direbobi daga inuwar, kika hana, kika ce baƙi ne a ƙasar mutane, ina za su? Sai kika aika wa kukun nan da ya ci miki mutunci cewa ya riƙa tara miki gwangwanayen madara. Sha'ibu maƙeri ya datse su ya yi musu murfi, ke kika lulluɓe su da jar fata, kika sa musu igiyar ratayawa a wuya, da ɗan yashi a gindi don kashe wuta. Battar toka ke nan. Dokarki gajeriya ce: ba batta, ba shayi. Da la'asar kowa ya je ramin da kika sa aka haƙa bayan katanga ya juye tasa.

Ai kuwa mun sha dariya a kan battocin nan. Wani Buzu ya gan su a wuyan direbobi, ya zo da akuya yana neman layar kunama irin tamu. Wani jandarma da ke tsare mu a hanya yana zare ido, shi ne ya zagayo ta bayan katangarki yana raɗa a yi masa guda, kika ce sai ya tsince guntayen da ya zubar a ƙofarki tukuna, ya kuwa duƙa da kakinsa ya tsince. Malam Musbahu limaminmu ya ce shi har gobe bai yarda da taba ba, amma ya gode wa Allah yanzu yana sa goshi a yashin tasha ba ya tasowa da wari. Kafin shekara ta zagayo masu saye sun daina kwance buhu, kukun ma ya dawo da gwangwanayensa da ban haƙurinsa.

Battar kowa ja ce, tawa kaɗai shuɗiya, kuma ita kika fara ɗinkawa. Kika rataya mini da hannunki kina cewa ƙanen miji ai daban yake. Wayyo ni! Shekara biyar ina taƙama da ita, ina nuna wa 'yan dowan masu binciken kaya a kan iyaka, ina ce wa direbobi ku ja gefe, mu 'yan gida launinmu daban. Su yi ta ƙyaƙyatawa, ni ina cewa hassada ce.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun ragu, na zauna gaban Yaya Isufu da 'yarku Rakiyatu, na fayyace musu komai. Na ce na bar baiwar Allah ta ɗauki laifina, ta tafi ban nemi gafararta ba, kuma ban san da wace fuska zan sadu da ita ba. Yaya Isufu, da bai yi murmushi ba tun ranar Talata, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Rakiyatu ta miƙo mini wuƙa ta ce in farke ɗinkin gindin battata. Na farke. Tsakanin fata da gwangwani sai ga guntun taba a matse, da ɗan jan tumatir a jikinsa, takardar kuwa tana nan shuɗiya shar. Ashe kowa a tashar ya sani, ke kika hana a tanka mini, ni kaɗai nake yawo da shaidar laifina a wuya ina alfahari.

Rakiyatu ta ce, "Baba Illo, Inna ta bar maka saƙo. Ta ce idan ka zo da wata tsohuwar magana a gaya maka ka makara, ta yafe tun ranar da ta ɗinke fatar. Ta ce kuma a yi maka dariya a madadinta."

Mun yi miki dariyar, Yaya Luba, mu uku, da hawaye a fuska. Na mai da guntun wurinsa na ɗinke da hannuna, ɗinkin ya karkace, da kin gani da na sha tsiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Isufu, da Rakiyatu da 'yan uwanta, da danginmu na Damagaram, da duk direban da ya taɓa shan shayi a inuwar katangar nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa mini asiri a gaban mutane, Ya rufa miki naki ranar da za a kwance bakin buhun kowa. Amin.

Ƙanen mijinki,
Illo Matse, direba
Tamanrasset