Kitikar da Aka Ba Jan Fetur

Har yau idan na tsaya gidan mai na ji wani yana cika baki wai shi motarsa ba ta shan kowane irin mai, sai in kau da kaina gefe. Ni an taɓa mai da ni ɓarawo a kan irin wannan magana. A zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina jan kitikar wani Alhaji tsakanin Boɗinga da Shagari.

Alhajin nan asalinsa dillalin dawaki ne. Da ya ga kasuwar doki ta fara ja da baya sai ya koma sayen albasa da hatsi, ya sayi tsohuwar kitika a Sakkwato, irin ƙaramar motar kayan nan mai bayan katako. Jikinsa ya bar turke, amma kansa yana can. Da safe sai ya fito ya shafa mata goshi, ya zagaya ya duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. In ta yi tari ya ce sanyi ya kama ta. Wallahi da an ƙyale shi, kanwa zai jiƙa mata. Ni kuwa a idonsa mai yankan ciyawa ne da ya yi sa'a gwamnati ta ba shi lasin.

Fetur a garwa muke sayo shi daga wani kanti a Sakkwato, mu jera a zauren Alhaji. Abin da motar ke sha kowa ya sani: garwa ɗaya takan kai mu kasuwar Shagari ta dawo da mu Boɗinga, har a sami ɗan saura a gindin tanki. Haka muke zaune, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Wata rana mun je sayen mai muka tarar ana zuba wa motar wani Bature. Alhaji ya leƙa mazurari ya ga man ja ne, namu kuwa fari kamar ruwan randa. Ya tambayi akawun kantin.

"Wannan ya fi ƙarfi, Alhaji," in ji akawu. "Ya fi tsada kuma. Na manya ne."

Da ya tsaya a kan tsada da mun tsira. Amma ya ce na manya ne! Alhaji ya gyara zaman rawaninsa ya juyo gare ni.

"Ka ji ko? Ashe duk shekarun ga ciyawa muka ba ta, ga dawa nan anka ɓoye muna."

Nan take ya gama karatunsa. Shi a saninsa doki mai cin dawa yakan yi ninkin tafiyar mai cin ciyawa, saboda haka garwar jan mai za ta kai mu Shagari ta dawo har sau biyu. Na ce, "Ranka shi daɗe, mu ɗauki guda mu gwada tukuna." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni da na san mota jiya zan koya masa kiwo? Ranar ko garwa ɗaya ta fari ba mu ɗauka ba.

To, dabbar da ta ci dawa ai ba a barin ta ta yi banza. Ranar kasuwa Alhaji ya tsaya da kansa a kan lodi. Inda muka saba tsayawa da buhunan albasa ya ce a ƙara. Aka ƙara, ya ce a sake ƙarawa. Fasinjan da muka saba cewa su yi haƙuri duk ya ce su hau, har saman kaina aka ɗora mutum biyu da rago. Motar ta durƙusa. Hanyar Shagari ta wancan lokaci rabi gargada rabi yashi ce, kuma da irin wannan kaya ban isa in fitar da motar daga ƙaramar giya ba. Tana kuka tana shan mai, Alhaji na gefena yana gyaɗa kai, wai in ji yadda muryarta ta buɗe.

A dawowa muna hango rumbunan Boɗinga ta mutu. Kasuwa ta gaba ya ƙara kaya, ta mutu tun ba mu hango komai ba.

Ni kaina a lokacin ban san amfanin jan man ba. Sai daga baya wani makaniki ya gaya mini an yi shi ne don injin ƙananan motocin Turawa, wanda ke ƙwanƙwasa in an ba shi fari. Tsohuwar kitika irin tamu, ka ba ta ja ka ba ta fari, tafiyarta ɗaya ce. Abin da na sani kawai shi ne kaya ya yi yawa, na kuma faɗa. Alhaji bai ji wannan ba. Da yamma a zaurensa, ga mutane cike ana cin tuwo, ya ɗaga murya yadda na ƙofa zai ji.

"Ni dai na san abin da na zuba. Mai ba shi da ƙahwa. Wanda ka kwana da mota shi ya san inda sauran ya tahi."

Bai kira sunana ba. Ba ya bukata, direba ɗaya gare shi.

Kafin gari ya waye an gama shari'ata a bakin rijiya. Haba jama'a! Wa zan sayar wa fetur a Boɗinga, jaki? Sai aka ce mata nake sayar wa suna zubawa a fitila. Da gaskiya ne da garin ya ƙone tun daren farko, amma ba wanda ya tsaya tunanin wannan. A masallaci na kama wani tela yana shinshina hannun rigata. Na ce masa in bai ƙoshi ba in tuɓe masa ya tafi da ita gida, sai da aka shiga tsakaninmu.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya kayar da ni a gida yake. Babana manomin albasa ne a fadama, mutum ne da in ya tsinci allura a hanya sai ya yi cigiya. Tun da na fara aikin mota, duk ranar kasuwa nakan kawo masa goro, in kawo nama da ɗan gishiri a ba innata. Ranar da maganar ta iso shi na ajiye goron a gabansa kamar kullum, ya sa bayan hannu ya turo mini abina.

"Ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba," in ji shi. "Amma ba ni cin abin da ka kawo sai mutumen ga ya wanke ka da bakinai."

Daga ranar innata tukunya biyu take ɗorawa. Tasa geron rumbunsa da miyar kuka tsura, tamu mai nama. Yana zaune can ƙarshen tabarma yana ci, ni kuwa sai in ture naman gefe. Goron na mayar aljihu, na kasa ci, na kasa ba wani. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba.

Da abin ya ishe ni na shiga zauren Alhaji ba tare da na tsaya dogon gaisuwa ba. Na ce a zazzage tanki, a zuba garwa guda a gaban mutane, a kulle, a tafi Shagari a dawo, kowa ya gani da idonsa. Na zaci zai ƙi. Ina! Taro ne, kuma shi ne a tsakiya. Ya sa maƙeri ya yi wa bakin tanki marfin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Sannan ya zaɓi shaidu uku: wani mahauci, da dillalin albasa, da malamin unguwarsu. Dukansu a zaurensa suke cin tuwon dare, kuma jikinsu ya nuna tuwon yana karɓarsu. Ni na ce shaidata ɗaya ce, babana.

Tsohon bai taɓa shiga mota ba. Ya hau baya ya zauna dab da bakin tanki, ya miƙa hannu ya kama kwaɗon. Ga gargada, ga rana, hularsa ta faɗi tun kafin mu bar gari, bai ce a tsaya ba, bai kuma saki ba. Da muka isa Shagari kowa ya watse cikin kasuwa, shi ko sallar azahar a gindin motar ya yi ta.

Su kuwa manyan shaidu, mota kyauta ta samu. Mahauci ya dawo da tumaki. Dillali ya ce 'yan buhunan gero ne kawai, ba su da yawa, sai ga su kamar za a ciyar da unguwa. Malam ya sayo wa iyali turmi, sabo fil, na icen kirya. Duk wannan a kan kayan Alhaji. Na ce, "Ranka shi daɗe, kayan ga fa..." Ya ce ta ci dawa, in ja mu tafi.

A Dandin Mahe ta yi tari biyu ta mutu. Ko rabin hanyar gida ba mu yi da kyau ba.

Alhaji ya sauko, ya ciro makulli daga wuyansa. Sai da ya ce wa babana ya ɗaga hannu sannan tsohon ya saki kwaɗon. Ya buɗe, ya karyo karan dawa a bakin hanya ya zura har ƙasa, ya zaro ya duba. Ya juya ɗaya kan ya sake zurawa, ko da laifin karan ne. Busasshe. Mutanen garin sun fara taruwa suna kallo. Ya juya ga shaidunsa ya ce to, su faɗi abin da suka gani.

Tabɗi! Ban taɓa ganin manya sun sha wuya irin ta ranar ba. In sun ce an sata, su ne zaune a kan man. In sun ce ba a sata ba, tuwon dare ya tafi. Mahauci ya dubi sama ya ce ranar yau da zafi take, ba mamaki ita ta shanye. Dillali ya ce akawun kantin man nan dama idonsa bai yi masa ba. Malam ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya ce a nasa ɗan nazarin wataƙila motar ce cikin talaka gare ta, abincin manya bai karɓe ta ba.

"Motata ce talaka?" Alhaji ya daka masa tsawa. Malam ya ce a'a, misali ne. Yana faɗa yana jingine da turminsa, tumaki na kuka a bayansa, kuma a cikinsu ba wanda ya ga kaya.

Na matso na durƙusa. "Ranka shi daɗe, to ni fa?"

"Kai mi?"

"An ce na sata. Ga babana nan. Ka hwaɗi a gabanai ban sata ba."

"Wa ya ce ka sata? Ni na kira sunanka?" Ya waiwaya ga shaidu, suka girgiza kai tare, ba su taɓa jin wannan magana ba. "Amma ƙahwarka na da nauyi, wanga kam kowa ya gani. Ɗauki garwa ka tahi gida ka ɗauko wani man, rana na yi."

Na san abin da ke bakina, na kuma san in ya fito sai an kai ni gaban alkali. Sai na ji hannu a kafaɗata. Babana ne ya sauko daga mota. Ya karɓi makullin kitika a hannuna, ya durƙusa har ƙasa yadda ake gaida manya, ya ajiye shi a gaban takalmin Alhaji.

"Allah shi ja zamaninka, ga linzamin. Yaron ga tunda ƙahwatai na da nauyi, kar shi lalata maka dabba. Ga manyan mutane nan tare da kai, ba ka rasa mai taimako."

Ya miƙe ya kama hanyar Boɗinga, na bi shi. Ban waiwaya ba sai sau ɗaya, na ga malam da mahauci sun naɗe riguna sun sa kafaɗa a bayan mota, Alhaji na ciki yana riƙe da sitiyari yana ce musu su ƙara himma. Daga baya na ji ya koma farin mai a ɓoye, a bayan gida ake zubawa, garwar ja guda tana ajiye a ƙofar zaure don baƙi. Har ya bar duniya bakinsa bai wanke ni ba.

Mun yi tafiya mai nisa, babana yana gaba. Ba hula a kansa, tafin hannunsa ya yi jawur da shatin kwaɗo. Ni ina baya ina tunanin na rasa aiki, kuma sharaɗin da ya kafa bai cika ba, gobe ma tukunya biyu za a ɗora. Da muka kai wata tsamiya ya zauna a gindinta yana mai da numfashi. Sannan ya miƙo mini hannun, bai ko dube ni ba.

"Ina goron nan?"

Na lalubo shi a aljihu. Ya bushe ya yamutse, ya yi baƙi, ko akuya sai ta yi shawara. Na ce, "Baba, ya lalace, bari in mun isa in sawo sabo."

"Ba ni wanga," in ji shi.

Ya sa haƙori ya fasa da ƙyar, ya tauna, ya haɗiye.