Kunkurun Inna a Kan Tayil

Ranar da Inna ta yarda ta baro ƙauyenmu na bayan Zurmi, bayan 'yan bindiga sun hana kowa noma, na zaci da tukwane da tabarmi za ta sauko. Sai ga ta a tashar Ƙaura rungume da roba ɗaya, an rufe ta da zane. Na ɗaga zanen, kunkuru ya leƙo yana kallona kamar ni ce baƙuwar.

"Tun babanki na da rai shike gidanmu," in ji ta. "Awaki sun tahi, kaji sun tahi. Wanga kaɗai ɓarayi ba su so."

Ni kuwa tsabtar tsiya gare ni. Falona tayil ne, sau biyu nake goge shi a rana. A ƙauye ƙasa ke shanye duk abin da dabba ta zubar. A nan tsakar gidan siminti ce, rana na gasa ta, don haka kwana biyu kacal kunkurun ya gano falo ya fi sanyi.

Ba zan ɓoye ba, ya ɗauke mini hankali. Hanya ɗaya gare shi: daga ƙofa ya bi gindin bango, ya ratsa ƙarƙashin kujera, ya je gaban firij ya miƙe wuya. In takalmi ya tare shi ba ya kewayewa, turawa yake har ya wuce. Jan abu kuma na ruɗinsa. Ran da na sa lalle ya cije mini babban yatsa, ya ɗauka tumatir ne.

Fitsari ne ya haɗa mu. Da na ga ya nufi kusurwar da muke salla sai in sure shi in yi waje, shi kuma sai ya tsula, a tayil, a darduma, a zanena. Wata Talata na yi alwalar la'asar, na sure shi, ya jiƙa ni har ƙafa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, ran Juma'a zan ba direban Shinkafi shi, ya ajiye shi a daji."

Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta. "To, ki biɗa muna mota guda," ta ce. "In an sauke shi, ni a wuce da ni gida."

Na san Inna, ba ta faɗa ta fasa. Gidan da take nufi kuwa ko maza sun daina kwana a cikinsa. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai wata tambaya ta tsaya mini a rai. Inna ta fi ni kiyaye tsarki nesa ba kusa ba. Yaya aka yi dabbar nan ta yi shekara da shekaru tana shiga ɗakinta, ban taɓa jin ta koka ba?

Laraba na zauna a falo na harɗe hannu, na rantse ba zan taɓa shi ba. Ya bi hanyarsa, ya je ya sunsuni gefen darduma, ya juya abinsa. Har magariba tayil a bushe. Washegari na same shi a tsakar gida, na ɗaga shi da gangan. Nan take ya tsula. Kuma a safiyar na lura da abin da kullum nake gani ina wucewa: Inna na zuba ruwan ɗumi a faranti bakin makwarara, ya hau da kansa, ya sha, ya yi bukatarsa a ciki, ta zubar ta ɗauraye. Ni da na zaci wanka take masa.

Na je mata da labari kamar wadda ta tono rijiya. Ta yi dariya. "Yanzu kinka sani? Tsoro shikai. Ruwan nan guzurinai na, don rani shika aje shi. Wanda anka ɗauke, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, dole shi saki abin da yar riƙe."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kin tambaye ni? Tun da niz zo, ɗauka kikai, ajewa kikai. Kin hana ni shara, kin hana ni hura wuta. Zauna nan, Inna, kwanta nan, Inna."

Kunya ta rufe ni.

Na sa katako na tare kusurwar salla. Ran Juma'a direba ya yi hon a ƙofa, na leƙa na ba shi haƙuri. Da na dawo, na ɗauko tsintsiyar da na ɓoye a bayan firij na miƙa wa Inna. Ta karɓa ta buga gindinta a tafin hannu, ta duƙa tana share falon da na goge da safe. Da ta iso inda kunkurun yake kwance, sai ta kewaye shi.